Tsakanin Takardar Gurbi Da Ranar Rantsuwa: Shin Abin Maye Na Iya Raba Yaro Da Jami'a?

Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu sun fara fitowa, gidaje da yawa a Sakkwato sukan cika da murna. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo za ka ji ana cewa ɗan wane ya sami Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, 'yar wance ta sami Jami'ar Jihar Sakkwato, wani kuma Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Sai dai tsakanin ranar da takarda ta fito da ranar da za a rantsar da sababbin ɗalibai akwai makonni, wani lokaci watanni, waɗanda yaro ba ya aji, ba ya sana'a, iyaye kuma sun saki jiki domin a ganinsu mai wuya ta wuce. A wannan tsakani ake shirya liyafar abokai, kuma a nan wasu ke fara kai kwalba baki. Tambayar da iyaye kan tsayar da liman su yi masa cikin raɗa ita ce: idan aka kama yaro da abin maye a wannan lokaci, makaranta na iya janye gurbin da ta ba shi?

Tana iya. Gurbin da ake bayarwa da farko na wucin gadi ne, kuma galibi haka ake rubutawa a jikin takardar. Tun daga 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da bayar da gurabe ta manhajarta ta CAPS, inda ɗalibi ke shiga ya amsa tayi. Amsa tayin ba ya mayar da shi cikakken ɗalibi. Akwai sauran tantance takardu, da gwajin lafiya, da rajista, da rantsuwar bin dokokin makaranta. Akan sallami wasu a wannan mataki saboda sakamakon jabu, amma ƙofar da ake fitar da mai jabu ba ta rufe ga mai maye ba. Littattafan dokokin ɗalibai na jami'o'in ƙasar nan suna lissafa sha ko mallakar miyagun ƙwayoyi cikin laifuffukan da ke jawo dakatarwa ko kora. Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai ya ji ana shelanta cewa an sami waɗannan sun cancanta a ɗabi'a da ilimi. Ɗabi'a aka fara ambata.

A Amurka wannan tambaya tana da wata siffa dabam. Can giya halas ce a dokarsu, sharaɗin kawai shekaru ne: tun bayan wata dokar tarayya ta 1984 jihohi suka tsayar da shekara 21. Saboda haka matashin da ya gama sakandare yana da shekara 18 mai laifi ne idan ya sayi giya, kuma manyan jami'o'insu suna riƙe da 'yancin janye gurbi idan halin ɗalibi ya sa shakku a kan gaskiyarsa ko nutsuwarsa. A 2017 jami'ar Harvard ta janye gurabe aƙalla goma. Ba giya aka kama su da ita ba. Hotunan batsa da na izgili suka yi ta musaya a wani rukunin Facebook na sababbin ɗalibai, labari ya kai ga hukuma, aka ce kowa ya nemi wani wuri.

Mu kuwa ba mu da shekarun da giya ke halasta. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haramta ta a kan babba da yaro, kuma ya tabbata daga Manzon Allah (SAW), a ruwayar Muslim, cewa duk abin da ke bugarwa hukuncinsa na giya ne. Abin da shekaru ke canjawa shi ne ɗaukar alhaki. Alƙalami yana hawa kan mutum da balaga, wadda ake ganewa da alamominta, in ba su bayyana ba kuma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne cikar shekara 18. To, ƙaramin shekarun shiga jami'a a yanzu 16 ne. Ke nan kusan duk wanda ya riƙe takardar gurbi baligi ne a wurin Shari'a, ko da mahaifiyarsa na kiransa yaro. Uzurin ƙuruciya da muke kawowa ofishin shugaban harkokin ɗalibai ba uzuri ba ne da malaman fiƙihu suka sani.

Haddin mai shan giya a Malikiyya bulala 80 ne, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, kuma adadin da Sayyidina Umar ya tsayar ke nan bayan ya shawarci sahabbai. Mutane da yawa suna zaton hukunta mashayi ya zo ne da dawowar Shari'a a farkon shekarun 2000. A'a. Tun dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960, sashe na 403 ya mayar da shan barasa laifi a kan Musulmi.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a garinmu ba kwalbar giya ce ta fi cin 'ya'yanmu ba. Giya tana da wari, tana da kunya, sai an je wajen da ake jin nauyin zuwa. Maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramol ba su da wari, suna shiga aljihu, suna shiga jakar 'yan mata, ana zuba su cikin lemon kwalba a sha a gaban kowa. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2017 kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Malamai sun yi saɓani a kan ko irin wiwi da dangoginta suna jawo haddi ko ladabtarwa: Malikiyya sun tafi a kan ladabtarwa, Ibnu Taimiyya ya tafi a kan haddi. Babu wanda ya halasta su. Gwajin fitsari kuma bai san wannan saɓani ba. Shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana kira da a riƙa gwada masu shiga manyan makarantu, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta bayyana amincewa da hakan.

A nan wani zai ce: ai haddi ba ya tabbata sai da iƙirari ko shaidu biyu adilai a gaban alƙali, to da wace hujja makaranta za ta hukunta ɗana? Makaranta ba haddi take tsayarwa ba. Sharaɗi ta gindaya, yaro ya karɓa, kuma aya ta farko ta wannan sura ta Ma'ida umarni ce da cika alkawurra. Wanda ya ba ka aron gida bisa sharaɗi bai buƙatar alƙali kafin ya gane ka saɓa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wayar hannu. Shari'a tana son sutura. Ba ta umarci malami ko maƙwabci ya bi diddigin abin da aka ɓoye ba, ta ma hana leƙen asiri. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya yaye wa kansa. Yaron da ya ɗaga kofi abokinsa na ɗauka, ya ɗora a TikTok ko WhatsApp domin a ce ya waye, shi ya kai ƙarar kansa, shi ya kawo shaida. Hoton kuma ba ya tsufa. Yana iya kwana shekara a wayar wani, sai ranar da aka ɓata ya fito.

Wannan ba ya nufin makaranta ta yi abin da ta ga dama. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori wasu ɗalibai. Suka kai ƙara, shari'a ta hau har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a saurare su yadda ya kamata ba, kuma wanda ya shugabanci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Lauyoyi har yau suna kafa hujja da wannan shari'a ta Garba da Jami'ar Maiduguri, tare da sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Don haka uban da aka aiko wa ɗansa takardar tuhuma ya nemi a rubuta masa laifin, a nuna hujja, a ba yaron dama ya yi magana. Ya sani dai cewa wanda bai yi rajista ba ƙafarsa ba ta kai ta cikakken ɗalibi ƙarfi ba.

Ga masu riƙe da alƙalamin hukunci ina da roƙo. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ya saba ba Manzon Allah (SAW) dariya, aka sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah ya hana, ya kuma shaida masa son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, ba a kore shi daga jama'a ba. Ɗan shekara 17 da aka rufe wa ƙofar karatu gaba ɗaya ba masallaci zai koma ba. Zai koma dandalin da ya fara sha ne, yanzu da lokaci mai yawa da baƙin ciki. A ganina jinkirta masa shiga da shekara guda, da sharaɗin magani da sake gwaji, ya fi kusa da manufar Shari'a a kan wanda ya faɗa karo na farko. Mai sayarwa a ɗakin kwanan ɗalibai kuwa hukuncinsa dabam, domin shi cutarsa ta wuce kansa.

Sauran magana ta iyaye ce. Rufin asiri ba ya halasta ƙarya. Uban da ya sayi takardar asibiti ta jabu, ko ya sa ƙanen yaro ya bayar da fitsari a madadinsa, ya ɗora shaidar zur a kan maye, ya kuma miƙa wa makaranta dalilin kora da ba ya buƙatar dogon bincike, ko da bayan shekara uku aka gano. Idan ka ga alama, barci marar lokaci, jan ido, kuɗi na ɓacewa, kai shi wajen likita tun kafin ranar tantancewa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware bai da nisa da birni, kuma yana duba masu matsalar shaye-shaye.