Injin Kwalekwale Mai Gargada a Silo, da Silindar da Ke Fashin Wuta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya shimfiɗu daga can har zuwa Yawuri, injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale ya karɓi yawancin aikin filafili wajen kai mutane da kaya kasuwannin gaɓa. Galibin waɗannan injuna, irin su Yamaha Enduro, masu bugu biyu ne, watau waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kuma akasarinsu silinda biyu gare su. To, injin da ke da silinda biyu, in ɗaya ta ɗauke wuta, ya rasa rabin ƙarfinsa ke nan, har ma fiye, domin kuwa mai rai ita za ta riƙa jan matacciya. A bakin gaɓa wannan abin haushi ne kawai. A tsakiyar Kwara lokacin cikowa, da buhunan hatsi da mata da yara a ciki, magana ta sha bamban.

Alamar farko a silo take bayyana. Inji ya riƙa karkarwa, yana tari, da an sa giya sai ya mutu. Abin da yawancin matuƙa ke yi nan take shi ne su ɗauki sukudireba su hau murɗa kusoshin kafireto, su ƙara silo har gargadar ta ɓuya. Wannan kuskure ne babba, don cutar tana nan, an dai rufe mata baki, sa'an nan giya za ta riƙa shiga da duka har haƙoranta su lalace.

Kowace silinda tana bukatar wuta, da mai gauraye da iska, da matsi. Amma kafin a tambayi wanne ya ɓace, sai a fara gano wace silinda ce. A bar inji ya ɗan yi zafi a cikin ruwa, a kashe, a kwance fulogai a jera su. Fulogin silinda mai lafiya bakinsa busasshe ne, launin ƙasa-ƙasa. Wanda ya fito baƙi, jiƙe da mai, mai yana isa gare shi amma ba ya ƙonewa. Wanda ya fito fari fat a bushe, mai ne ya yi masa ƙaranci. Wanda kuwa ya fito tas kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a jikinsa, ruwa ne ke shiga silindar, galibi ta gaskit da ya ƙone. Wannan na ƙarshe ba gyaran bakin gaɓa ba ne.

In fulogi baƙi ne jiƙaƙƙe, hanya mafi arha ita ce musanya. A sauya wa fulogan biyu wuri. Idan cutar ta bi fulogi zuwa ɗaya silindar, an gama bincike da kuɗin fulogi guda. Idan ta tsaya inda take, a duba hular fulogi da wayarta, domin danshi da tsatsa sukan sace wuta, sa'an nan a gwada kwayil ta wannan hanya. Lalle ne a jingina fulogin da aka cire da ƙarfen inji yayin jan igiya, nesa da tururin fetur, in ba haka ba akwatin wuta yana iya lalacewa, shi kuwa ya fi fulogi tsada nesa ba kusa ba. Har ila yau akwai wata aba da akan manta. Fatar famfon mai in ta huje, fetur yakan kwarara kai tsaye cikin silindar da ke motsa famfon, ya shaƙe ta.

Farin fulogi ya fi baƙi haɗari, ko da yake ya fi shi kyan gani. A inji mai bugu biyu, fetur shi ke ɗauke da baƙin man da ke shafe fistin. Saboda haka a injin da kowace silinda ke da nata kafireto, in datti ko ruwa ya toshe 'yar kafar man silo, wadda ba ta fi bakin allura ba, silindar nan ba yunwar fetur kaɗai take yi ba, tana gogayya ne ba isasshen mai. In aka ci gaba da tafiya a haka, fistin yana iya kamawa. Maganin shi ne a kwance kafireto a wanke, a hura kafofinsa da iska, ba a tsokane su da waya ba. Asalin dattin kuma daga jarka yake, don haka a tace fetur, a duba tiyo ko yana shan iska, a tabbata kafar numfashin tanki a buɗe take. Gaurin da aka fi bayarwa shi ne 50 bisa 1, watau rabin lita na mai a tanki mai lita 25, amma abin da littafin injin ya faɗa shi ne abin bi. Masu ƙara mai don tausayin inji su ne ke toshe fuloginsu da kansu.

In wuta da mai sun cika amma fashin bai daina ba, sai a auna matsi da ma'auni. Abin lura shi ne bambancin silindojin, kuma makanikai kan ɗauki wanda ya wuce kashi 10 cikin 100 a matsayin alamar zobba sun cinye ko gaskit ya huje.

Bayan duk wannan ne ake taɓa kusar silo, kuma a cikin ruwa, inji da ɗuminsa, domin hayaƙinsa ta ƙarƙashin ruwa yake fita, silon da aka daidaita a tudu yakan faɗi da zarar an sauke shi. Tayar da shi a busasshe kuwa, ko na 'yan daƙiƙoƙi ne, yana iya ƙona robar famfon ruwa.