Kirci Ba Ɗaukarsa Ake Yi Ba

Da zarar hunturu ya kama, fatar yara ta soma bushewa, sai tsohuwar jita-jitar nan ta sake tasowa, wai kircin da likitoci ke kira egzima ɗaukarsa ake yi, har ta kai a wasu gidaje ana ware wa yaro tabarmarsa da ƙwaryarsa, alhali babu wata hujja a ilmin likitanci da ta tabbatar da wannan zance. Ƙazuwa ce ke yaɗuwa, domin wani mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa fata, makero ma yana yaɗuwa. Amma lalurar kirci asalinta rauni ne a cikin halittar fatar kanta, galibi na gado, shi ya sa ake yawan samunta a zuri'ar da ke da masu asma.

Fata dai tamkar katangar ƙasa ce mai yaɓe, wadda muddin yaɓen yana nan lafiya, danshi ba ya fita, ƙura ba ta shiga. Idan kuwa ya tsattsage, sai laima ta tsere, ƙura da sabulu su ratsa, ƙaiƙayi ya taso a gwiwar hannu da bayan gwiwa da kumatun jariri, yaro ya kwana yana susa har ya ji wa kansa ciwo. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotilan suka nuna cewa tawayar wani sinadari mai suna filagirin tana cikin sabubban wannan tsagewa. To, ina amfanin uwa ta ɗauki soso da sabulu mai kaifi ta yi ta dirzar ɗanta, bisa zaton ƙazanta ce, bayan kuwa ragowar yaɓen take kankarewa? Abin da ya dace shi ne wanka taƙaitacce da ruwan ɗumi, a shafe jiki da mai irin su man kaɗanya tun bai gama bushewa ba, a kuma yanke farce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne man nan mai haɗin magani uku da ake sayarwa a kemis ba da takardar likita ba. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsa, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma idan aka daɗe ana shafa wa jariri sai ya sirantar da fata, ya kuma ratsa cikin jini. Likita kansa da awo yake bayar da irinsa, na 'yan kwanaki. Haƙƙi ne a wuyan hukumar NAFDAC da takwarorinta su tsawata wa masu sayar da shi barkatai, domin jariran da ake shafa wa ba su da bakin kai ƙara.