Sharar Kasuwar Ochanja da Ƙananan Halittun da Ke Cinye Ta

Birnin Onitsha, wanda Hausawa ke kira Anaca, yana gaɓar gabas ta Kogin Neja, a Jihar Anambra. Gari ne na ciniki. Tun bayan da aka buɗe gadar da ta haɗa shi da Asaba a shekarar 1965, manyan motoci ba su daina shigo da kaya ba dare da rana. Kasuwar Ochanja na ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa. Idan ka taɓa ratsa ta da yamma, lokacin da ’yan kasuwa ke rufe rumfuna, ka san abin da ake bari a gefen titi: ɓawon ayaba da na doya, ganyen da aka ƙunsa kaya, ruɓaɓɓen tumatir, kwalaye, robobi da ledoji masu yawan gaske. Hausawa na kiran wannan duka shara, wurin da ake tara ta kuma bola ko juji.

Wani ɓangare na wannan shara daga Arewa ya taso. Tumatir da ake nomawa a Kadawa da Kura cikin Jihar Kano, da albasar Aliero ta Jihar Kebbi, sukan yi doguwar tafiya kafin su iso kasuwannin Anaca, Inugu da Fatakwal. Ana jera kwanduna bisa kwanduna, na sama ya danne na ƙasa, ga zafin rana, ga tsaye-tsaye a hanya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na tumatirin Nijeriya kan lalace kafin ya shiga tukunya. Ɗan kasuwa ya yi asara, sannan asarar tasa ta zama nauyi a kan gari.

Me ke faruwa da sharar idan motar kwashe ta ba ta zo ba? Wasu su tura ta cikin lambatu, ta toshe hanyar ruwa, da damina kuma ruwa ya malalo cikin rumfuna da gidaje, ya gurɓata rijiyoyi, ya buɗe wa cutar amai da gudawa ƙofa. Wasu su cinna mata wuta. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin biranen da iskarsu ta fi ƙura da hayaƙi, sai ga Anaca a kan gaba: awon ya nuna maikirogiram 594 na ƙura a kowace mita guda ta iska, wato kusan ninki talatin na abin da hukumar ta amince da shi a lokacin. Kaduna, Aba da Umuahia su ma suna cikin jerin. Hayaƙin motoci da na janareto suna da nasu laifin, amma ƙona shara na cikin manyan dalilan.

To, akwai ma’aikatan da ke iya cinye mafi yawan wannan shara ba tare da wuta ba. Su ne ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma: bakteriya, yis da dangogin naman gwari. Ilimin sa su aiki don amfanin ɗan Adam shi ake kira fasahar sarrafa halittu. Kada sunan ya tsorata ka, domin ka daɗe kana cin abin da suka sarrafa. Matar da ta dafa ƙalwa, wato ’ya’yan ɗorawa, ta rufe ta har kwana biyu ko uku ta zama daddawa, bakteriya ne suka yi mata aikin. Haka ogiri da ugba a ƙasar Ibo, haka nono mai tsami, haka rogon da ake jiƙawa a yi akpu. Bambancin kawai shi ne, masanin kimiyya yana son ya san wace halitta ce ke aikin, me take ci, wane zafi take so, domin ya sa ta yi sauri.

Hanya ta farko ita ce yin taki, kuma a nan manoman Kano ba su jira jami’a ba. Ɗaruruwan shekaru ke nan suna kwasar toka, sharar gida da kashin dabbobi daga cikin birni, su ɗora wa jakuna a mangala, su kai gona da rani. Jakin da ya shigo birni da itace, da taki yake komawa. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan al’ada na cikin abubuwan da suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba. Abin da bincike ya ƙara shi ne awo. An gano cewa halittun da ke yin taki suna buƙatar iska, don haka sai a riƙa juya tarin. Suna buƙatar danshi, amma ba ya zama caɓi ba. Suna kuma son a gauraya busasshen abu, kamar kwali da ɗusar katako, da ɗanyen abu, kamar ɓawo da ganye. Idan an dace, cikin tarin kan yi zafi har digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wata biyu ko uku sai ka ga baƙar ƙasa mai ƙanshin ƙasar daji, ba wari ba.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, kuma ita ce ta cancanci ka tsaya a kanta. Idan aka hana shara iska gaba ɗaya, aka rufe ta cikin tanki da ruwa, wasu halittu dabam ne ke karɓar aikin, kuma abin da suke fitarwa gas ne mai kamawa da wuta. A shekarar 1776 wani Ba’italiye mai suna Alessandro Volta ya lura da kumfa na tasowa daga laka a bakin Tafkin Maggiore. Ya tara iskar a kwalba, ya ga tana ci da wuta. Ita ce yau ake kira mitan.

Aikin cikin tanki hawa-hawa ne, kamar yadda hatsi ke bi ta hannun mai sussuka, mai surfe da mai niƙa kafin ya zama tuwo. Rukuni na farko na bakteriya su farfasa ɓawo da ganye su mai da su sukari da makamantansa. Na biyu su mai da sukarin ruwa mai tsami. Na uku su ƙara sauƙaƙa tsamin ya zama irin na binega. Sai na ƙarshe su ci wannan su fitar da mitan. Waɗannan na ƙarshe suna zaune a tumbin saniya, shi ya sa ake fara tanki da ɗanyen kashin shanu ko abin da mahauta suka zubar daga tumbi a kwata. Gas ɗin da ke fitowa, wanda ake kira bayogas, rabinsa ko fiye mitan ne, saura kuma mafi yawa iskar kabondayoksaid ce. Mita guda ta bayogas tana iya riƙe murhu ɗaya fiye da awa biyu. Ruwan da ya rage a tankin kuwa taki ne mai kyau.

Sai dai masu yin mitan suna da zaɓe, kuma ba su da gaggawa. Sun fi son zafi kusa da na jikin saniya, wajen digiri 35 zuwa 37, abin da ya sa ƙasa mai ɗumi irin tamu ta fi Turai dacewa da su. Amma ba sa jure tsami. Ka ɗauka an juye kwando goma na ruɓaɓɓen tumatir cikin tanki a rana ɗaya. Rukunonin farko za su yi ta ci suna zuba tsami fiye da yadda na ƙarshe za su iya sha, tankin ya yi tsami, masu mitan su tsaya, gas ya ɗauke. Ɓawon lemo ma yana da wani mai da ke sanyaya musu gwiwa. Saboda haka yawancin bincike a kan sharar kasuwa yana neman amsar tambaya ɗaya ce: tumatir nawa, ɓawon rogo nawa, kashin shanu nawa za a haɗa don tankin ya zauna lafiya?

A Nijeriya an daɗe ana wannan nazari. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami’ar Usmanu Danfodiyo, da takwararta ta Jami’ar Nijeriya da ke Nsukka, sun gina tankunan gwaji tun shekarun baya. A Ibadan, wani injiniya mai suna Joseph Adelegan ya tsara aikin mai da sharar mayankar Bodija gas ɗin girki, da taimakon fasaha daga ƙasar Tailan, aikin kuma ya sami lambar yabo ta duniya a 2005. Ƙasashen Sin da Indiya kuwa sun gina miliyoyin ƙananan tankuna a gidajen karkara. Abin takaici, a wurare da yawa gina tanki ya fi sauƙi a kan kula da shi. Tanki kamar dabbar kiwo yake, kullum sai an ciyar da shi, kuma ranar da aka sallami mai ciyarwa ranar ya fara mutuwa.

Akwai kuma masu kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kira ƙudan soja. Cikin mako biyu tsutsar kan cinye ragowar abinci ta yi ƙiba, a busar da ita a ba kaji da kifi. Wata cibiyar nazarin ƙwari a Nairobi, babban birnin Kenya, ta yi fice a wannan bincike.

Leda fa? Ita ce matsalar da ƙananan halittu ba su warware ba tukuna. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata bakteriya, Ideonella sakaiensis, da suka samo a wurin tara robobi a birnin Sakai, wadda ke cin irin robar kwalbar ruwa. Amma a hankali take ci, kuma ledar fiyawata da baƙar leda ba irin robar da take ci ba ce. Yau idan leda, batir ko fasasshen gilashi suka shiga tanki, toshe shi suke yi, idan suka shiga taki kuma su lalata gona. Don haka komai ya dogara ga rarrabewa tun daga rumfa: abin da ke ruɓewa a kwando ɗaya, wanda ba ya ruɓewa a wani. ’Yan jari bola, waɗanda da yawansu samari ne daga Arewa, sun riga suna tsince ƙarfe, gwangwani da roba saboda akwai mai saye. Ɓawon doya ne har yanzu bai sami mai saye ba.

Kana iya ganin aikin waɗannan halittu da idonka, tare da malaminku. Ka sami gorar roba biyu. A ta farko ka zuba daddatsen ɓawon ayaba da ɗan ɗanyen kashin shanu, ka ƙara ruwa har ya kai kashi uku cikin huɗu na gorar. A ta biyu ka zuba yankakkiyar leda da ruwa kawai. Ka ɗaura balan-balan a bakin kowace, ka ɗaure da zare don kada iska ta shiga, ka ajiye su a wuri mai ɗumi, nesa da wuta, sannan ka wanke hannunka da sabulu. Kowace safiya ka auna faɗin balan-balan ɗin da zare, ka rubuta a littafinka cikin Hausa. Gas ɗin kwanakin farko mafi yawansa kabondayoksaid ne, mitan sai daga baya yake ƙaruwa, don haka ka ci gaba da awon har mako huɗu kafin ka kawo sakamakon aji.