Tamale: Shin canza kafasita na gyara sautin da ake ji a hedifon?

Masu gyaran rediyo a kewayen kasuwar Aboabo da ke Tamale, a arewacin Ghana, sun saba da tsofaffin amfilifaya da rediyo-kaset da ake shigowa da su ƙasar ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Yawanci akan kawo musu na'ura ne idan ta mutu. Akwai kuma mai kawo wadda ke aiki sarai, amma da ya saka hedifon da dare don kada ya dami mutanen gida, sai ya ji sautin ya zama siriri, amon ganga ya ɓace. Shawarar da ke yawo a intanet ita ce a canza kafasita. Wani lokaci hakan na magance matsalar, wani lokaci kuma asarar kuɗi ce kawai.

Kafasita, wadda masu gyara a Nijar, Togo da Burkina Faso ke kira kondansatar, ƙaramar gwangwani ce mai ƙafa biyu da ke riƙe wutar lantarki na ɗan lokaci. Manya suna tace wutar da ke shiga na'ura. Wata kuma tana zaune a kan hanyar da sauti ke bi ya fita: tana barin sauti ya wuce, ta tare wutar da ke tafiya gefe ɗaya, wadda za ta iya ƙona siririyar wayar cikin hedifon. Wannan ta biyun ce ke da hannu a ɓacewar amo mai zurfi.

Lissafin ba shi da wuya. Kafasitar da hedifon, idan suka haɗu, suna zama kamar rariya mai tare ƙananan sautuka. Mai girman 100 µF da hedifon mai om 32, irin wanda aka fi sayarwa, za ta fara rage duk sautin da ke ƙasa da 50 Hz. Idan ɗan kunne ne mai om 16, iyakar na hawa zuwa 100 Hz. To, igiyar ƙasa ta gitar bas tana kaɗawa ne a 41 Hz, kuma a can ƙasa ne nauyin babbar gangar Dagomba, gungon, yake. Idan aka sa 470 µF a gurbin 100, iyakar na sauka zuwa kimanin 11 Hz ga mai om 32, ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Wannan canji ne na gaske, kuma kayan ba su da tsada. Illarsa ɗaya: ƙarar "fat" da ake ji lokacin kunnawa na iya ƙaruwa, don haka a kunna na'ura kafin a soka hedifon.

Sai dai ba kowace na'ura ce ke buƙatar haka ba. Mai hedifon irin Sennheiser HD 600, mai om 300, iyakarsa da 100 µF tana wajen 5 Hz, babu abin da ya rasa. A manyan amfilifaya da yawa kuma ramin hedifon yana shan sauti ne daga layin lasifika ta cikin rizisto mai om ɗaruruwa, wasu ma babu kafasita a wannan hanya kwata-kwata. Mai gyara da ya san aikinsa zai bi layin ya gani kafin ya ɗumama ƙarfen dalma.

Abin da ya fi damun na'urori a Tamale shi ne zafi. A cikin irin wannan kafasita akwai ruwan sinadari da ke bushewa sannu a hankali, kuma ƙa'idar da kamfanoni ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba rayuwarta biyu. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 85, idan cikin akwatin ya tsaya a digiri 65, za ta yi kamar awa 8,000, wato ƙasa da shekara 3 ga mai kunnawa awa 8 kullum. Mai lambar digiri 105 za ta kai awa 32,000 a wannan yanayi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, ga ƙurar hunturu na toshe ramukan shan iska, wannan lambar ce ya kamata mai saye ya fara dubawa. Kumburin kai, tsatsa a ƙafa, ko gunji da ba ya yankewa, duk alamun gajiya ne. Amma wata kan bushe ba tare da ta nuna komai ba, sai na'urar auna ESR ce ke tona ta.

Batun kafasitocin "masoya sauti" masu tsada, waɗanda ake cewa suna sa murya ta yi zaƙi, shi ne inda kuɗi ke zurarewa. Idan girman ya isa kuma kafasitar lafiyayya ce, bambancin da awo ke nunawa tsakanin kamfani da kamfani ƙanƙane ne ƙwarai. Wanda ya cire busasshiya mai shekara 30 ya sa sabuwa tabbas zai ji canji, amma sabuntar ce ya ji. Kayan Nichicon, Panasonic da Rubycon amintattu ne, shi ya sa ma ake yawan buga jabunsu.

Aikin na da haɗari. Manyan kafasitoci na riƙe wuta bayan an zare filogi, dole a sauke ta ta cikin rizisto kafin a sa hannu. Lambar bolt ta sabuwa kada ta gaza ta tsohuwa, kuma idan aka juya ƙafafunta tana iya fashewa. Wutar da kamfanin NEDCo ke rabawa a arewacin Ghana bolt 230 ce, alhali na'urar da aka ƙera don kasuwar Japan 100 take so, ta Amurka kuma 120. A karanta abin da ke rubuce a bayanta, a nemi taransifoma mai rage wuta idan akwai buƙata, kafin a yi maganar kafasita.