FINAFINAN HAUSA NA 2010 ZUWA 2019: WANNE YA FI?

Duk inda 'yan Arewa mazauna Kurmi su ka taru da daddare, ko a teburin mai shayi a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ko a bakin tukubar mai tsire a Sabo ta Badun, ko a zangon 'yan goro a Shagamu, akwai wata gardama wadda ba ta tsufa, watau ta finafinan Hausa. Wannan ya ce ba a taɓa yin kamar Basaja ba, wancan ya ce ai Mansoor ya shafe shi, dattijo kuma ya kaɗa kai ya ce tun ran da Ibro ya rasu aka daina fim. Galibi a kan watse ba a daidaita ba, don kuwa kowa da mudun da ya ke awo da shi.

Gardamar kuwa ba ta banza ba ce. Magidancin da ya shekara ashirin a Kurmi, wanda 'ya'yansa su ka fi jin Yarbanci da buroka a titi da makaranta, fim na cikin 'yan abubuwan da su ka rage masu shigo masa da harshen gida har cikin ɗaki. Haka kuma maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo, wanda bai taɓa ƙetare gadar Jebba ba, abin da ya leƙo ya gani a telebijin ɗin Bahaushe, shi zai ɗauka shi ne Arewa. Saboda haka ya kamata a san waɗanda su ka cancanci a ajiye, a kuma nuna.

Shekarun da kasuwa ta juya

Sana'ar fim ɗin Hausa na bidiyo ta soma ne a Kano cikin 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Ya zuwa 2010 ta shekara 20, faifai ya kori kaset, kasuwar Ƙofar Wambai kuma ita ce cibiya. Daga can a ke ɗauro sababbin finafinai su biyo mota zuwa Kurmi, kamar yadda a ke ɗauro albasa da busasshen kifi.

Amma cikin shekaru goman da su ka biyo baya sai abubuwa su ka taru wa sana'ar. Harin da aka kai Kano ran 20 ga Janairu, 2012, da dokar hana fita da ta biyo bayansa, sun taɓa ciniki ƙwarai. Masu tura fim a waya su ka yawaita, har ya zama da 'yan kuɗi kaɗan mutum zai cika wayarsa ba tare da mai fim ya ga ko kwabo ba. Finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, irin na Algaita, su ka kwashe 'yan kallo. Tashar Arewa24 ta buɗe cikin 2014, ta kawo Daɗin Kowa kyauta har gida. Cikin 2015 aka buɗe sinima ta zamani a kantin Ado Bayero a Kano, manyan masu shirya fim su ka koma kai kayansu can tukuna. Kafin 2019 ta ƙare kasuwar faifai ta durƙushe, wasanni masu dogon zango irin su Kwana Casa'in da Gidan Badamasi su ka karɓe fage, sa'an nan Labarina da Izzar So su ka biyo cikin 2020.

Watau dai waɗannan shekaru goma su ne na ƙarshe da fim mai farko da ƙarshe, wanda a ke zama a gama shi a dare ɗaya ko biyu, ya yi sarauta.

Da wane mudu za a auna?

Yawan ciniki ba mudu ba ne, don sau da yawa waƙa guda ce ke sayar da fim, in waƙar ta tsufa shi ke nan. Abubuwa uku su ka fi dacewa a duba. Na farko, labarin na gida ne, ko kuwa na Indiya ne aka sa masa hula da babbar riga? Kayan aro dai ba ya rufe katara. Na biyu, aikin kansa: hoto, da sauti, da sutura, da iya wasa. Na uku, bayan shekaru sun wuce, akwai sauran abin da ya bar wa mai kallo ya riƙa tunawa?

Masu farin jini

In farin jini a ke bi, ba wanda zai ja da Adam A. Zango. Basaja, labarin ɗan damfara mai rikiɗa kamar hawainiya, da Gwaska, labarin ɓarawo mai rufe fuska, sun shiga kowace rumfa a Kurmi, samari har laƙabi su ka riƙa yi da sunayensu. Suna da sauri da ban dariya, amma an ja Basaja kashi bayan kashi saboda kasuwa, har labarin ya yi ruwa.

Aminu Saira kuma shi ya fi kowa ƙoƙarin ɗaukar babban kaya a farkon shekarun. Ɗan Marayan Zaki da As-habul Kahfi sun nuna cewa a kan iya barin falon mai kuɗi a fita daji a shirya labarin zamanin da. Sun buɗe hanya, ko da ya ke kayan aikin lokacin ba su kai burin mai shiryawa ba.

Shi kuwa Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu cikin Disamba, 2014, ba a sa shi cikin layi. Da wuya a ɗauki fim ɗinsa guda a ce shi ne gwani, don galibi a gurguje aka yi su. Shi kansa mutumin shi ne abin kallon, kuma har yau ba a maye gurbinsa ba.

Biyar ɗin da su ka tsaya

Na biyar shi ne Mansoor, na 2017, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni. Labarin saurayi ne da ya fita neman asalin mahaifinsa. Abin yabo a nan shi ne ƙarfin halin ɗora babban fim a kan sababbin fuskoki, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ga kuma tsabtar hoto. Abin da ya rage masa maki shi ne ƙanshin Indiya bai bar jikinsa ba.

Na huɗu Rariya, shi ma na 2017. Rahama Sadau ce ta shirya shi, Yaseen Auwal ya ba da umarni, bayan ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga sana'ar cikin Oktoba, 2016. Ya taɓo rayuwar waɗansu 'yan matan jami'a da manyan mutanen da ke hure musu kunne da kuɗi. Duk uban da ya tura 'yarsa karatu wani gari, ya kuwa san abin da fim ɗin ke faɗi.

Na uku Hauwa Kulu, na 2019, wanda Abubakar Bashir Maishadda ya shirya, Ali Nuhu ya ba da umarni. Hassana Muhammad ta fito a matsayin yarinya makauniya wadda wani mai iko a ƙauyensu ya yi wa fyaɗe. Magana ce da a kan rufe a gidaje da yawa don gudun abin kunya, fim ɗin kuwa ya ɗora kunyar a kan wanda ya yi laifin.

Na biyu Juyin Sarauta, na 2017, wanda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta shirya, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. Hajiya Balaraba marubuciya ce tun shekarun 1980, ita ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed. Labarin makircin gidan sarauta ne a ƙasar Hausa ta da, an kuwa kula ƙwarai da sutura da kayan ɗaki da irin maganar fada. Ya sami lambobin yabo a bikin finafinai na Zuma a Abuja cikin shekarar. In ana neman fim guda da za a zaunar da yaron da aka haifa a Ikko don ya ji Hausa mai nauyi, ya ga yadda kakanninsa su ka zauna, to, wannan ne.

Na ɗaya

Wanda ya zo na ɗaya zai ba mutane da yawa mamaki, don ba kowa ya gan shi ba. Shi ne Blood and Henna, watau jini da lalle, na 2012, wanda Kenneth Gyang, mutumin Jihar Filato, ya ba da umarni, Sadiq Sani Sadiq da Nafisa Abdullahi da Ali Nuhu su ka fito a ciki.

Labarin wani Musa ne, ɗan Arewa mai kanti a Ikko, wanda aka ƙone masa kanti a wata tarzoma, ya koma ƙauyensu hannu rabbana. Ya yi aure, zama ya gagara, ya ɗauki iyalinsa zuwa birni, can kuma annoba ta tarar da su. Duk wanda ya ga gudun da aka yi daga Ikko bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, ko rikicin Shagamu na 1999, ko na Idi-Araba na 2002, ba sai an yi masa bayanin halin da Musa ya shiga ba.

Kashi na biyu na labarin daga abin da ya faru da gaske aka samo shi. Cikin 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 10,000 a Arewa. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, inda aka sa yara 200 cikin gwajin, 11 su ka rasu, waɗansu su ka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuma su ka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Cikin 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin dalilan da su ka sa jama'a su ka guji allurar shan-inna cikin 2003.

Masu suka za su ce sunansa na Turanci ne, akwai Turanci a cikinsa, mai shi kuma ba ɗan Ƙofar Wambai ba ne. Duk gaskiya ne. Amma in aka koma ga mudu ukun nan, labarin na gida ne tsantsa, aikin ya kai inda aka sa shi takara da finafinan Afirka duka a gasar AMAA ta 2013 a Yenagoa, har ya ci lambar iya tsara sutura, abin da ya faɗa kuwa bai tsufa ba. Juyin Sarauta ya nuna wa ɗan Arewa inda ya fito. Wannan kuwa ya nuna masa abin da ya same shi jiya-jiyan nan, a Kurmi da a gida, shi ya sa ya ɗara.

Abin da ya rage

Abin takaici shi ne, waɗanda su ka fi kyau su ne su ka fi wuyar samu. Basaja na cikin wayar kowane yaro, amma sai mutum ya zaga rumfunan masu tura fim da dama kafin ya dace da na ɗaya ko na biyu a jerin nan. Faifai kuma ba ya daɗewa, damshin Kurmi na cinye shi.

Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta cikin Janairu, 2024. Ya kamata a tattara na waɗannan shekaru a adana su can tun ba su salwanta ba. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da fadojin sarakunan Hausawa a Kurmi su ma suna da abin yi: su nemi izinin masu finafinan, su biya abin da ya kamata, su kafa majigi a fili da Salla ƙarama ko babba, a gayyato maƙwabta su zo su gani. Wanda kuma ke da tsohon faifai mai kyau a ƙasan akwati, kada ya bai wa yara su yi wasa da shi.