Uku A Cire Ɗaya, Saura Biyar

Ga kacici-kacici, mai karatu. A wane gari ne ake cire ɗaya daga uku, sai a tashi da biyar? Kada ka yi saurin ba ni gari. An yi wannan lissafi a Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, kuma saura ƙiris ya ci ran wata kyanwa.

Kyanwar ta kawuna ce, tsohon malamin firamare. Ta haura shekara goma tana gadin rumbunsa, ta yi ƙiba har hawa katanga ya gagare ta. Shi kansa mai ciwon suga ne, sai dai ƙwaya yake sha, bai taɓa yi wa kansa allura ba. Da ya ga magen ta addabi kaskon ruwa, tana ci tana ramewa, ga kiyashi na yanyame fitsarinta, bai yi wata-wata ba. Ya soki gefen kunnenta, ya ɗiga jinin a kan na'urarsa ta gwajin suga, daga baya wani likitan dabbobi a Katsina ya tabbatar masa da zarginsa. Na san akwai mai cewa, ana fama da kuɗin maganin mutane, wa ke ta mage? Ni dai a wurina, wanda dabba ta yi wa hidima shekara da shekaru, in ya rama mata ya kyauta.

Aka ɗora ta a kan Caninsulin, insulin ɗin da ake yi musamman don karnuka da kyanwoyi. Ɗan Kawu da ke aiki a Maraɗi ne ke samo shi, ya sa cikin kula mai ƙanƙara, a biyo da shi ta Ɗan Isa da Magama, tare da kwalin sirinji. Layi uku bayan asuba, layi uku bayan magariba. Kyanwa ta murmure, gashinta ya kwanta.

Sai ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Kwanaki kaɗan bayan nan aka rufe iyaka. Kwalbar da ke gida ta yi ta ja baya har ta ƙare. Kawu ya buga wa likita waya, likita ya ce a sayi glajin, wanda aka fi sani da Lantus, na mutane ne amma yana karɓar kyanwa sosai. Ya ƙara da cewa tunda ya fi daɗewa a jiki, kada a ci gaba da uku, a sauko a fara da biyu. Kawu ya sauko.

Daga nan lamari ya rikice.

Da azahar ta yi, sai kyanwa ta fara tangaɗi. Ta nufi ƙofa ta yi karo da bango. Ta kwanta, idanu a buɗe, jiki na rawa. Inna, matar Kawu, ta lakato zuma ta goga mata a dasashi, jim kaɗan ta miƙe ta nemi abinci. Amma washegari da asuba, kafin allura, na'ura ta nuna 380, alhali lafiyayyar kyanwa ba ta cika wuce 150 ba. Kawu ya ce ai magana ta fito, maganin ne ya yi kaɗan. Ya koma layi uku. A ranar kyanwa ta faɗi tana shure-shure, har Inna ta fara salati.

"Ɗan nan, ka zo ka gane mani," in ji shi a waya. "Na rage, ta faɗi. Na ƙara, ta faɗi. To mi zan yi?"

Wanda aka fara tuhuma shi ne kambun baka. Wata maƙwabciya ta ce tun ranar da aka ji ana yi wa mage allura ake ta surutu a unguwa, kuma baki ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na saurare ta da ladabi. Amma wannan ciwo yana da agogo. Ba ya zuwa da hantsi, ba ya zuwa da la'asar sakaliya, kullum sai tsakiyar rana. Wane baki ne ke jiran kiran azahar?

Na biyu, shinkafar ɓera. Wannan ya zauna mini a rai, domin kaka ta kama, gero na shiga rumbu, kowa na yaƙi da ɓeraye. Ko ta cinye wanda ya ci guba? Na duba ko'ina a gidan, na tambayi yara. Kawu ya rantse bai taɓa ajiye guba ba tun da ya sami kyanwar. Ko babu rantsuwarsa ma, guba ba ta jin zuma. Abin da lakatar zuma ke tayarwa cikin minti kaɗan, suga ne ya yi ƙasa. Amma ta yaya suga zai yi ƙasa a jikin da ke nuna 380?

Na uku, zafi, ko kuma jabu. Kawu ya fi karkata nan. Wuta sai an ga dama, firji ya zama kabad. A tukunya cikin tukunya yake ajiye kwalbar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Na sa hannu, sanyi ƙalau. Na ɗaga kwalbar a hasken rana, ruwan garai yake, kamar yadda glajin ya kamata ya kasance, saɓanin tsohon mai fari-fari wanda sai an gauraya. Takardar cikin kwali ta ce bayan an fara amfani da shi yana kai kwana 28 muddin zafi bai haura digiri 30 ba, kuma bai kai haka ba. Sannan ga hujja mai ƙarfi: insulin da ya lalace, ko wanda aka yi wa algus, ƙarfinsa raguwa yake yi. Ba zai kayar da suga ba.

Na ce, "Kawu, mu bar gwajin asuba. Mu gwada ta lokacin da take tangaɗin."

Muka jira azahar. Ta fara tangaɗi. Muka soki kunne.

45.

To fa. Jiki ɗaya, yini ɗaya, 380 da 45. Magani na aiki, har ya wuce gona da iri.

Nan wani zato mai daɗi ya zo mini. Ko warkewa take yi? Ba tatsuniya ba ce, ciwon sugan kyanwa yakan lafa har a daina allura. A wani bincike da Jacquie Rand da abokan aikinta na Jami'ar Queensland a Ostireliya suka wallafa a 2009, kyanwoyi 8 da aka ɗora kan glajin da abinci mai ƙarancin sitaci duk sun daina buƙatar insulin. Idan jikinta ya koma samar da nasa, na allura zai zama ƙari. Zuciyata ta so wannan amsa. Amma waɗancan sababbin kamu ne, tamu kuwa ta daɗe. Kuma ta fara faɗuwa ne daidai da shigowar sabuwar kwalba. Wace irin waraka ce za ta jira a rufe iyaka?

Saura mutum ɗaya. Da nauyi a faɗa, amma dole. Kawu ya manyanta, tabarau yake sawa. Ko idonsa ke tsallake layi?

Magariba ta yi. Na ce ya ja maganin ina kallo, amma kada ya soka. Ya zauna kan tabarma. Na haska masa fitilar waya. Ya juya kwalba. Ya ja a hankali. Ya ɗan ƙyasta sirinji da farce, iska ta fita. Ya miƙo mini.

Layi uku cif. Ko gashi bai wuce ba.

Hannunsa daidai. Idonsa daidai. Magani daidai. Na rasa ta cewa. Sai idona ya sauka kan tabarma, inda ya ajiye murfin allurar.

Ja ne.

"Kawu, wannan sirinjin daga ina?"

"Ragowar na Maraɗi ne mana. Kwali guda gare ni, mi zai sa in sayi wani?"

Na kai shi kusa da haske. A jikinsa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta U-40. Na ɗauko kwalbar. A jikinta, 100.

Ga ɓarawon, kuma tun farko yana hannun mai gida. Sirinji ba ya ƙirga ƙarfin magani, yawan ruwa kawai yake aunawa. A kowace mililita ta Caninsulin akwai yunit 40, don haka aka yi masa sirinjinsa mai jan murfi, wanda aka raba mililitarsa gida 40, kowane layi yunit ɗaya. Glajin kuwa yunit 100 ne a mililita, sirinjinsa mai murfi ruwan lemo, layukansa sun fi matsuwa. Ludayi ɗaya na tsinkakken kunu da ludayi ɗaya na mai kauri, a ido ɗaya suke, a ciki ba ɗaya ba ne. Duk layin da Kawu ya ja na sabon magani da tsohon sirinji, yunit biyu da rabi ne. Ranar da ya sauko daga uku zuwa biyu, ya ɗauka ragewa ya yi, alhali daga yunit uku ya hau zuwa biyar. Da ya koma layi uku, bakwai da rabi ya zuba mata, safe da yamma, na maganin da ya fi tsohon daɗewa a jiki. Likita ya faɗi gaskiya, Kawu ya bi umarni, a waya kuwa ba wanda ya ga murfin.

Kawu ya daɗe yana kallon sirinjin. Can ya ce, "To shi 380 ɗin fa?"

Shi ne ya ɓad da sawu. Allurar magariba na kayar da sugan ne cikin tsakar dare, kowa na barci. Idan suga ya faɗi warwas, jiki kan yi kururuwa, ya saki sinadarai irin su gulukagon da adirenalin, hanta ta juye sugan da ta ɓoye cikin jini. Kafin asuba ya yi sama. Michael Somogyi, masanin sinadaran jiki ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, shi ya bayyana wannan a shekarun 1930, kuma da sunansa ake kiran abin. Masana na cewa bai cika faruwa ga kyanwar da ke kan glajin ba, amma ita wannan ninki ake ɗura mata. Ƙari kuma, kyanwa dabba ce da tsoro kaɗai kan ɗaga mata suga, ga ta ana danne ta ana sukar kunne. Lamba ɗaya ta asuba ba ta isa a ƙara magani a kanta ba. Sai an bi yinin ana gwadawa duk bayan awa biyu, a ga inda sugan ya fi yin ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce mage. Ingila ta koma insulin mai 100 a 1983, Faransa a 2000, suka canza sirinji gaba ɗaya don gudun irin wannan kuskure. A Indiya har yanzu ana sayar da mai 40 na mutane. Mu da ke bakin iyaka, magani na shigo mana ta kowace kusurwa, kwalba daga nan, sirinji daga can. Dattijon da ya haɗa su ba daidai ba, zai iya kwanciya ya kasa tashi, a ce ajali ne.

A daren ba a yi mata allura ba. Da safe muka kira likita, Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe murfi ne." Likita ya sa a sayo sirinji mai 100, a koma yunit ɗaya safe da yamma, a rage mata tuwo a ƙara kifi da nama, kuma kada a taɓa adadin sai an yi kamar mako ana dubawa, domin glajin na ɗaukar kwanaki kafin ya zauna. Daga baya aka kai biyu, nan ta tsaya. Tangaɗin azahar bai dawo ba.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ɗan Kawu ya iso da tsarabar sabuwar kwalbar Caninsulin. Yanzu kuma sirinji mai murfi ruwan lemo ne a gidan, wanda layi biyu nasa ba zai ba ta ko yunit ɗaya cikakke na wannan maganin ba. Kawu ya karanta lambar da ke jikin kwalbar, ya mayar da ita cikin kula, ya ce a kai wa likita Katsina ko akwai mai karen da ke buƙata.