Ko Kun Sani?

Labarin Rip Van Winkle, mutumin nan da ya sharɓi barcin shekara 20 a duwatsun Katskil na Amurka, a Ingila aka rubuta shi. Washington Irving ya wallafa shi a 1819, alhali bai taɓa taka duwatsun ba. Tushensa tatsuniyar Jamusawa ce ta Peter Klaus, makiyayin awaki. Mu kam sai mu tuna da Ashabul Kahfi.

Gwanintar Irving tana jikin allon masaukin ƙauyen su Rip. Da, hoton Sarki George na Uku na Birtaniya, mai mulkin Amurka a lokacin, ne a kai. Rip ya dawo da dogon gemu duk furfura, ya tarar fuskar tana nan yadda take. Riga kawai aka sake wa launi, aka ɗora hula, aka damƙa wa hannun takobi, aka rubuta sunan Janar Washington, jagoran yaƙin 'yancin Amurka, a ƙasa.